Daminar da Yayata Ta Fasa Shafina

Yayata ce ta koya mini aikin ordinatar, wato kwamfuta. Ta dawo Dakoro daga jami'a a wata damina, ni kuwa na gama lise, wato babbar sakandare, ina zaman jiran sakamako. Baba na sayen gero da wake a Kornaka da Sabon Maci, sai na ce zan gina masa shafin intanet, abokan cinikinsa na Maradi su riƙa shiga suna ganin kayan da ke akwai.

Ranar da na gama, na kai mata bayan la'asar. Tana bisa tabarma tana tsinkar zogale. Ta goge hannu a zane, ta jawo ordinatar. A gurbin suna ba ta sa suna ba, sai ta buga wata ƴar alama da kalmomi kaɗan. Shafin ya buɗe ba tare da kalmar sirri ba, sunayen mutanen Baba da lambobinsu duk suka bayyana.

"Yaya, mi kika yi?" na ce.

"Umarni na rubuta a wurin suna, ƙanena. Kai kuma ka haɗe shi da naka, ka miƙa wa rumbun bayanai. Shi rumbu ina ya san wanne ne naka, wanne ne na baƙo?"

Ta nuna mini yadda ake tura umarni tukuna, a bar gurbi, abin da baƙo ya rubuta ya biyo daga baya a matsayin rubutu kawai. Ta kuma sa na rage wa shafin iko, ya iya karanta bayanai amma kada ya iya shafe su.

Haka muka cinye daminar. In gyara, ta kai hari, ta yi ta dariya, Inna na kira tuwo zai huce. Ranar da ta kasa shiga, ta daɗe tana gwadawa, sannan ta ja kunnena ta ce, "To, ka zama mutum."

Da kaka ta samu aiki a Dakar. Na raka ta tasha, na ce mata, "Allah ya kiyaye hanya."

Yanzu aikin nan nake ci da shi. Mukan yi waya idan rezo, wato layin sadarwa, ya yarda, amma hirar gajera ce, ƴaƴanta na ta kiranta. Bana ma ta ce za ta zo Sallah. Inna ta share ɗakinta, ta turara shi, daga baya saƙo ya zo cewa ba a ba ta hutu ba.