Auren da Ofis Bai Sani Ba

Mavis Pengilly tana da shekara goma sha bakwai ta baro garin Moonta, inda mahaifinta ke gyaran layin dogo, ta kama aikin gwamnatin tarayya a Adelaide, a ɗakin masu buga tafireta. Hannunta da sauri, kuma ba ta da surutu. Cikin shekara takwas ta ci jarrabawa biyu, aka ba ta tebur a bakin taga.

A lokacin doka ta ce mace mai aikin dindindin, ranar aurenta ita ce ranar ajiye aikinta. Mavis ta sha ganin yadda ake yi: a haɗa wa amarya shayi da kek, a miƙa mata kyautar tukwane, ran Litinin sai a ga baƙuwar fuska a kujerarta. Saboda haka da ta amince za ta auri Clarrie Dunstan, kwandastan bas, sai suka hau jirgin ƙasa a hutun Ista na 1957 suka tafi Broken Hill, inda ba wanda ya san su, aka ɗaura a wani ƙaramin coci. Hutu na ƙarewa ta koma teburinta da sunanta na da.

Clarrie ya mai da abin wasa. Duk safiyar da ta shiga bas ɗinsa sai ya tsaya a kanta ya sha mur.

"Tikitinki, 'yan mata."

"Malam, ka kama kanka, ni matar aure ce," ta kan faɗa ƙasa-ƙasa.

"Wane marar sa'a ne wannan?"

Haihuwa kuwa suka ɗage ta, don ciki ba ya ɓoyuwa.

A 1964 wata abokiyar aikinta, Noelene, yarinya mai baki, ta zo da takardar koke daga ƙungiyar ma'aikata, ana neman a soke dokar. Ta bi tebur-tebur. Da ta iso kan Mavis, Mavis ta girgiza kai ba tare da ta ɗago ba.

"Dama ina ruwanki," in ji Noelene. "Wa zai kwashe ki? Ke da kika auri tafireta."

Aka yi dariya. Mavis ta ci gaba da bugu. Da shekara ta zagayo Noelene ta yi aure, aka yi mata shayi da kek.

Ba a daɗe ba Clarrie ya faɗo daga tsani yana gyaran rufin gida, ya karye a ƙugu. Asibiti suka buga waya ofis. Wadda ta ɗauka ita ce shugabar ɗakin, Mis Ottaway, dattijuwa mai tsare gida wadda ba ta taɓa aure ba. Ta ajiye wayar, ta tako har teburin Mavis.

"An kira daga asibiti ana neman wata matar Dunstan. Na ce ba mu da mai wannan suna." Sannan ta ƙara da cewa, "Na ga kamar kanki na ciwo, Mis Pengilly. Ɗauki jakarki ki tafi. Sun ce yana ɗaki na huɗu."

Daga ranar ba wadda ta sake tayar da maganar a cikinsu.

A watan Nuwamba na 1966 aka soke dokar. Mavis ta ƙara mako biyu, wai ko za su canza shawara, sannan ta sauka wurin akawun ma'aikata ta ce a gyara mata suna.

"Kai, barka! Yaushe aka yi?"

"Ashirin ga Afrilu, 1957."

Akawu ya dube ta, ya dubi takarda, ya tashi ya shiga wurin maigidansa. Can ya fito ya rubuta.

Labari ya kai wa Noelene, wadda a lokacin ke sayar da takalma a wani kanti. Ta tare Mavis a tashar bas.

"Shekara tara! Kina ji ina miki gorin miji kika yi shiru. To wannan na yafe. Amma takardar fa? Hannu kawai za ki sa."

"Tsoro nake ji, Noelene. Gani nake suna ganin sunana za su fara bincike."

"Mu ba mu jin tsoron ne aka ce miki? Ni aka kora, ke kina bakin taga."

Daga baya Noelene ta sake neman aikin, aka ɗauke ta daga matakin farko, kamar sabuwa. Sun yi shekara goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Mavis ta haifi ɗa guda tana da shekara talatin da shida, ta yi hutu ta dawo. Ita ta gaji kujerar Mis Ottaway. Masu aiki a ƙarƙashinta sun ce tana da tsanani a kan makara, amma ba ta taɓa tambayar kowa harkar gidanta ba. Ta yi ritaya a 1987. Bayan rasuwar Clarrie ta koma Whyalla kusa da ɗanta, tana noman tumatir a bayan gida tana raba wa maƙwabta.