Ginin Manu Na-Kwari

Ku da kuka zauna da Manu a Kalgo kun san halinsa in hadari ya haɗu. Kowa na gudun kwashe shanya yana kora awaki, shi kuwa sai ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki fartanya, ya tsaya a ƙofar gida kamar mai jiran surukai. Da ɗigon farko ya sauka sai ka ji ya ce, "Maraba da baƙi." Ni Sambo magini, taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma har ya bar duniya ba mu gama gardamar wane ne bawan wani ba.

A Gwandu aka haife mu. Auren Hajo ne ya kai shi Kalgo, a shekarun da anini ya fara korar wuri a kasuwa. To, a Kalgo ba a aza tubali sai an gaya wa mai unguwa. Shi zai zo ya taka fili, ya nuna inda indararo zai fuskanta da inda kwata za ta bi, don kada ruwan wani ya ci bangon wani. Akwai kuma wani kwari a bayan gari inda ake ɗibar ƙasar gini, wanda tun kakanni aka hana zama a cikinsa, don duk ruwan unguwa nan yake taruwa, in gulbi ya cika kuma nan yake fara leƙowa. Nan fa idon Manu ya sauka. Wai ƙasa kusa, ruwa kusa, ba maƙwabcin da zai zo masa aron gatari.

Sai da ya bari mai unguwa, Malam Altine, yana zaune da liman da dattawa, sannan ya je ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, so ni kai in gina cikin kwari."

Malam Altine ya ɗauka ramin ƙasa yake nufi, ya ce, "Gina mana. Kowa can shi ka gina."

Manu ya dubi liman ya ce, "Malam, ka jiya?" Liman ya ce ya ji.

Aka yi sa'a Malam Altine ya tafi Birnin Kebbi ya daɗe. Manu ya aiko mini Gwandu, na zo na iske an riga an kwaɓa ƙasa, ya rantse mini an ba shi izini a gaban liman. Ko da mai unguwa ya dawo, ga ɗakuna biyu da zaure a tsakiyar kwari, Hajo na shara. Mutumin nan ya tsaya yana haki kamar ya yi tsere da doki.

"Manu, mi ni ka gani? Cewa niy yi ka gina ƙasa."

"To da mi nig gina, ranka shi daɗe? Taɓa ka ji, ƙasa ta."

"Rami ni ka nuhi."

"Ai ba ka ce sama ko ƙasa ba. Gina kac ce, liman na nan."

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Magana zarar bunu ce, Malam Altine bai iya janye ta a gaban mutane ba. Sai ya kafa sharaɗi: ran da ruwa ya ci gidan, ba gayya, ba kuka. Manu ya ce ya yarda, dama shi bai iya ciyar da 'yan gayya ba.

Kun tuna al'adar kwata. Kafin damina kowane gida na fito da mutum a yashe ta, wanda bai fito ba ya aiko da damin gero. Kullum rigimar unguwa ita ce kowa na ture ruwan datti daga ƙofarsa. Manu kaɗai ne yake jawo shi. Ya ja 'yan hanyoyi da fartanya, ya shuka kabewa da rama da gauta, ga rani ya yi tsakiya gari ya bushe, bayan gidansa shar. Wata tsohuwa mai tuwon sayarwa, Ta-Malisa, ta ji kunyar ruwan wanke-wankenta na gangara wa bawan Allah, ta sa jikokinta suka karkata shi zuwa kududdufi. Washegari sai ga kira daga mai unguwa, Manu ya kai ƙararta wai ta sace masa ruwa.

Ta ce, "Ni da ruwana?"

Ya ce, "Naki na, Inna, har shi hito rariya. In ya hito, nawa na."

Malam Altine ya ce tun da ya gaji ubansa bai taɓa jin shari'a irin wannan ba, ya sa aka mayar da kwata yadda take. Bayan an shirya, Hajo ta aika wa tsohuwar miyar taushe. Ta-Malisa ta tare Manu a hanya tana yaba zaƙin kabewar. Ya ce, "Dole ta yi miki daɗi, wankin tukwanenki na yak komo gida." Ta bi shi da muciya har bakin masallaci.

Mu dariya muke yi, amma Hajo ba ta dariya. Duk daminar duniya da ido ɗaya take barci. Shekarar da gulbi ya yi babbar cika, ruwa ya shiga gidan da hantsi har gwiwa. Malam Altine, duk da sharaɗinsa, ya roƙi wani Basarke masunci ya kai shi gidan a jirgi. Suka iske Hajo a kan rumbu rungume da kaji, Manu kuwa yana kan katanga ya saka ƙugiya a cikin zaurensa, har ya kama tarwaɗa.

"Hito, Manu."

"Ranka shi daɗe, baƙo na korar mai gida? Kwana za shi yi shi wuce. Sarkawa na wahala suna tahiya nesa, ni ga kihi har ɗaki."

Hajo dai ta shiga jirgi. Da ruwa ya janye, bangon gabas ya zube, aka sake aiko mini. Na ce masa, "Bawana, ga abin da taurin kai ya jawo." Ya ce, "Wane abu? Ƙasata ba ta tahi ko'ina ba, kwanciya tay yi. Tashe ta." Na tashe ta, ya sallame ni da kabewa, jakina na nishi har Gwandu.

A wannan zuwan ne Hajo ta tare ni a bayan rumbu, idonta ya yi ja. Ta ce, "Sambo, kai ɗai ka iya gaya mai magana shi yi dariya. Ka yi min alkawari za ka hau da mutumin ga tudu, kada wata rana in iske shi ƙarƙashin bango." Na yi mata alkawari, kuma Allah ya sani ya tsaya mini a rai. Na nemi fili a tudu wajen Malam Altine, ya ba ni da murna har da taya ni awo. Na gina ɗaki mai kyau ban karɓi ko kabewa ba. Manu ya zo ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya sa mini albarka. Da na dawo bayan salla sai na iske jakinsa a ciki yana cin harawa. Ya ce, "Shi bai iya iyo ba, ni na iya."

Haka muka yi ta yi, bango na kwanciya ina tashe shi, har furfura ta kama ni ni ma. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, da rani ne, ba ko gajimare. Na zo na zauna a gefensa, ya rame sai idanu. Ya ce, "Sambo, tahi ka ce ma Altine ina son a gina min bisa tudu." Wallahi sai da na ji daɗi, har na juya zan kira Hajo. Sai na ga yana murmushin nan nasa, na gane.

Na je na faɗa wa Malam Altine, lokacin ya tsufa ba ya gani sosai. Sai ya ce, "Koma ka tambaye shi, sama ko ƙasa?" Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Na kawo wa Manu saƙo. Ya ce, "Ce mai wanga karon ya yi nasara. Ƙasa."

Da ya cika, ni na gina kabarin da hannuna, a can saman maƙabarta, sai da na duba ta ina ruwa ke bi kafin na sa diga. Da muka dawo Hajo ta ce mini, "Ka cika alkawari, Sambo." Na ce to ta tattara kayanta, ɗakin tudu na nan, jaki ya daɗe da mutuwa. Ta ce in ta tashi wa zai duba kabewa? Har yanzu tana can cikin kwari, kuma bara da hadari ya haɗu an ce an gan ta a ƙofar gida da fartanya.

Allah ya jiƙan Manu, ya yafe masa, ya yalwata masa wannan ginin da bai yi gardama a kansa ba. Yadda ruwa ya riƙa samunsa har gida, Allah ya sa rahama ta same shi haka. Amin.