Ƙarfatar Ɗan Fari

Ko zan manta da komai na zamana a Kaduna, ban da ranar da na ɗauke ƙarfatar akuya daga gaban Baba Ciyaman a taron danginmu a Unguwar Romi. Mutanenmu har yau suna cewa ranar na yi rashin kunya. To, na yi, kuma da za a maimaita sai na sake.

A shekarun tamanin ne, ina aiki a masaƙa a Kakuri, ina zaune da mahaifina a Narayi. Kakanninmu su uku ne maza. Babbansu yana yaro mahara suka sace shi a gona, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na biyu shi ne mahaifin Baba Ciyaman, shugaban ƙungiyar danginmu, ƙaramin kuma kakana. Al'adarmu ita ce duk akuyar da dangi suka yanka, ƙarfatar dama ta gidan ɗan fari ce. Tun da aka rasa babban, sai gidan na biyu ya gaje ta. Shi kuwa mahaifina kullum maganarsa ɗaya, yana so ya san inda wan babansa ya ƙare kafin ya mutu.

Sai na ari rikoda na tafi ƙauye, na zauna da tsofaffin mata ina ɗaukar maganarsu. Wata ta ce ta ji an taɓa ganinsa cikin leburorin reluwe a Kaduna, ta kuma rera mini waƙar da uwar kakanninmu ke yi musu in suna kuka. Na dawo na yi ta bin tsofaffin ma'aikatan jirgi, wannan ya tura ni gun wancan, har na sha dariya da kora. Ƙarshe aka nuna mini wani dattijo, Alhaji mai sayar da katako a Makera, aka ce mahaifinsa ya yi reluwe kuma Hausarsa ba ta fita sosai.

Da na kunna masa kaset ɗin, waƙar ba ta kai rabi ba ya ɗora da bakinsa, cikin yarenmu da bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Ya ce, "'Yata, wannan ai ita babana ke yi mana. Mun ɗauka sambatun tsufa ne." Ni da shi muka zauna a kan katako muna kuka, masu ciniki suna kallonmu.

Na kai wa Baba Ciyaman labari da murnata. Ko kaset ɗin bai bari na kunna ba. Ya ce, "Ke yarinya, mace ce za ta koya mana asali? Ki je ki kwaso mana Bahaushe ki ce jininmu ne? Kada in gan shi a mitin." Lokacin gari ba daɗi tsakanin coci da masallaci, na san haka. Amma na kuma san ba tsoro kaɗai ke cinsa ba, har da girman da zai sauka daga kansa.

Washegarin Kirsimeti na zo da Alhaji wurin taron dangi. Tun da safe na kira mahauci Musulmi ya yanka akuyar, don kada a ce mini ai ba zai ci ba. Babu wanda ya ba shi kujera sai mahaifina, da ya tashi ya ba shi tasa ya tsaya. Da aka zo rabo, mai rabon ya ajiye ƙarfata gaban Baba Ciyaman kamar kullum. Na miƙe, na ɗauke farantin, na durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, ga rabon gidanka. An daɗe ana ci maka."

Wuri ya hargitse. Baba Ciyaman ya ce, "Ajiye naman nan ko in cire sunanki yau!" Na ce, "Cire, Baba. A ƙungiya za ka cire ni, ba a dangi ba." Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya dubi mahaifina ya ce, "Ƙanena, zauna mu ci tare." Baba Ciyaman ya tashi ya fice, rabin taron ya bi shi.

An kuwa kore ni daga ƙungiya, kuma har Baba Ciyaman ya rasu bai sake amsa gaisuwata ba. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da mahaifina ya rasu, a motar katakon Alhaji aka kai gawarsa ƙauye. Alhaji ya tsaya cikin rana a ƙofar coci har aka gama addu'a, sannan ya roƙi a nuna masa gonar da aka ɗauke babansa, ya daɗe a tsaye shi kaɗai.

Abin da na koya shi ne, in ka tashi tono asali, ka shirya karɓar duk wanda ka tono, ko da ba irin wanda kake so ba ne. Ɗan'uwa ba ya zama bare don kawai an sace ubansa.