Eirlys Havard da Duwatsun Kogin Senwy

Haihuwa da karatu

An haifi Eirlys a ranar 9 ga Afrilu, 1931, a ƙauyen Pontsenwy na ƙasar Wales. Mahaifinta, Idwal Probert, mai gadin Kogin Senwy ne, mahaifiyarta Blodwen kuwa ɗinki take yi. Ta yi makarantar ƙauye zuwa shekarar 1945, amma ilimin da ya zauna mata a bakin ruwa ta same shi, domin mahaifinta bai yarda ta taɓa sandar fatsa ba sai da ta ƙware a juya duwatsu. A ƙarƙashinsu ta san ƙwaron kadis, abincin kifin tirawut: tsutsa ce mai gina wa kanta ɗaki da yashi da tsinke, ta kusa shekara a ciki, sannan ta toshe ƙofa na 'yan makonni, ta fasa ta taso sama, ta yi fiffike, ta dawo ta zuba ƙwai a ruwa.

Sana'a da aure

A shekarar 1950 ta fara sana'ar ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, ya yi kama da ƙwaro don yaudarar kifi. Dattawan ƙungiyar masunta ba su san komai ba sai ƙugiya mai yawo a saman ruwa, alhali ita ta lura kifi ya fi kai wa ƙwaron hari yayin da yake tasowa, kafin ya yi fiffike, don haka ta riƙa ɗaura ƙugiya mai nutsewa ƙarƙashin ruwa. Suka yi mata dariya a fili, amma suka riƙa turo matansu su sayo ƙugiyoyinta a ɓoye ta ƙofar baya. A shekarar 1954 ta auri Emrys Havard, mai kiwon tumaki, mutumin kirki mai taurin kai.

Shekarun jarrabawa

Daga shekarar 1987 kifi ya fara ƙaranci a Senwy. Ƙungiya ta ɗora wa zalɓe laifi, ta sayo ƙananan kifi ta zuba, suka rame suka ƙare. Eirlys ta kinkimo duwatsu goma zuwa zauren taro ta jera a tebur, ko ɗakin ƙwaro guda babu a jikinsu.

"Kun tara baƙi, ba ku ɗora tukunya ba," in ji ta.

Ta haura kogin tana juya duwatsu har ta isa inda ƙwari suka sake bayyana, daidai bayan ta wuce wata magudana da ake zubar da ruwan maganin wankan tumaki. Magudanar ta mijinta ce.

"Haba Eirlys, ni za ki tona a gaban jama'a?" in ji Emrys. "Kowa ma haka yake yi!"

"To maigida, kai ne nawa, da kai zan fara."

Ta ambaci sunansa a taro da bakinta, abin kuwa ya yi mata ciwo ƙwarai, domin sai da ya yi wata biyu ko gaisuwarta ba ya amsawa. Daga bisani ya toshe magudanar da hannunsa, kuma da taurin kan nan nasa ya bi maƙwabta gida-gida har kowa ya toshe tasa.

Tsufa da rasuwa

A bazarar 1996 ƙwari suka fara dawowa jefi-jefi, kifi ya biyo baya. Emrys ya rasu a shekarar 2003. Da tafiya kogi ta gagare ta, Eirlys ta bar wasiyya cewa a ɗauko dutsen kabarinta daga Senwy, bisa sharaɗin kada a raba ko ƙwaro guda da muhallinsa.

Ta rasu ranar 17 ga Mayu, 2014, tana da shekara tamanin da uku, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar cocin ƙauyen. Iyalinta sun yi kwana biyu a cikin ruwa suna juya duwatsu, ba su sami ko ɗaya da babu mazauna a ƙarƙashinsa ba. Suka haƙura suna murna da hawaye, aka kafa mata allon katako.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Rhodri, mai kiwon tumaki, da Ceinwen, malamar asibiti, da Nesta, mai gadin Kogin Senwy.