Na Ɓuya Wa Duktura, Na Rasa Idon Hagu

Shekarun baya, lokacin da talabijin mai falen jiki ya fara shigowa Kasuwar Libiya ta Omdurman yana ture masu ƙaton tumbin nan, ina da rumfar gyara a layin masu kayan lantarki. Rumfa dai sunanta, amma in na buɗe hannu biyu sai na taɓa bango da bango. Karatuna bai wuce aji huɗu ba. Abin da na iya kuwa na iya shi: in kwance bayan talabijin, in shaƙi ƙaurinsa, in gaya maka abin da ya ƙone.

Yadda muke aikin, sai ka jingina madubi a gaban shasha, wato fuskar talabijin ɗin, kai kana baya kana murɗawa, idonka na cikin madubi har launi ya zauna. In ya zauna sai ka zagayo ka manna fuska a gilashin kana neman tabo. Haske kuma kullum a ƙure yake, don ranar Omdurman ba ta barin hoto ya fito, mai kaya kuwa in bai ga abu na walƙiya ba sai ya ce ba ka gyara ba. Kafin la'asar ido ya yi ja, yana yaji kamar an watsa masa shatta, barkonon nan. Duk layin haka muke. Ba wanda ya ɗauke shi ciwo.

Wata rana wasu mutane daga wata jami'a suka kafa tanti a bakin kasuwa. Suka ce bincike suke yi, suna so su gane wace shasha ce ta fi gajiyar da ido, tsohuwa ko sabuwa, kuma mu da muke wuni a gabanta suke nema. Shugabarsu wata duktura ce, ƙaramar mace, ba ta kai ni shekaru ba. Gaskiya ba ilimi ya kai ni ba. An ce akwai fanka a tantin, ana kuma raba maganin ɗigawa kyauta.

Da na zauna sai wani ya ɗauko takarda. Suna huɗu, in ji shi: naka, na uba, na kaka, na kakan uba. Sai garin haihuwa, sai unguwa.

Wanda ba namu ba, mu da kakanninmu suka zo daga yamma, ba zai gane abin da ya tsaya mini a wuya ba. A yankin Jazira aka haife ni, a bukkokin masu cirar auduga. Ubana ma a nan aka haife shi. Amma duk ranar da ka jera suna huɗu a gaban mai biro, sai ya ɗago kai ya ce, “To asali kuma daga ina?” Takardar ɗan ƙasa sai da na kusa yin furfura a layi kafin ta fito. Mahaifiyata tun muna yara take cewa, “Mai takarda ka ba shi ruwa ya sha, kada ka ba shi sunanka.” Don haka na ba shi sunan wani kawuna da ya daɗe a kabari, na ce a unguwar Mayo nake, alhali a Umbadda nake kwana. Waya kuma na ce ba ni da ita. Har wani daɗi na ji, wai ni mai wayo.

Suka zaunar da ni gaban tsohuwar shasha, suka mai da ni gaban sabuwa. Wani yana ƙirga ƙiftawata, wani yana tambaya ko hoton na rawa. Na ce masa tsohuwa ai rawa sana'arta ce, in ka kalle ta da wutsiyar ido za ka gani. Ya rubuta da sauri kamar na faɗi hadisi.

Daga ƙarshe duktura ta sa na ɗora haɓa a kan wani akwati, ta rufe mini ido ɗaya, ta ba ni maɓalli. Duk sanda na ga ɗigon haske a gefe in danna. Da idon dama na yi ta dannawa. Da aka koma na hagu sai na zauna ina jira.

Na ce, “Ya duktura, kin kunna kuwa? In ya lalace ne ki kawo mini rumfa.”

Ba ta yi dariya ba. Ta sake, ta kuma sakewa. Ta ɗiga mini wani abu, ta taɓa ƙwayar idon da wani ƙaramin ƙarfe, ta duba lamba.

“Ya usta mai gyara, akwai wanda ya makance a gidanku?”

Na ce ubana, amma shi feshin auduga ne ya ci masa ido, kowa ya sani.

Ta ce, “Yajin da kake ji na shasha ne, wannan in ka huta zai tafi. Amma akwai wani abu a idonka na hagu da ba ruwan shasha da shi. Ka je asibitin ido cikin makon nan. Zan nuna wa malamina sakamakon, in neme ka.”

Na ce insha Allah, irin insha Allahn da muke ce wa mai kaya in ba mu da niyya. Na karɓi kwalbata ta kyauta na tafi.

Bayan kamar mako biyu, ina cikin aiki da hantsi, sai abokina, wanda rumfarsa ke manne da tawa yana sayar da eriya da rimot, ya leƙo ya ce, “Ya zol, mutumina, masu takarda! Layinmu suka nufo.” Ban tsaya tambaya ba. Ina da matattun talabijin jibge a ƙurya, na tsugunna a bayansu, ƙato da ni, mai 'ya'ya huɗu.

Muryar duktura na ji. Ta faɗi sunan kawun nan nawa.

Abokina ya ce, “Wallahi ya duktura, ba mai wannan suna a layin nan.”

Ta ce dogo ne, yana da tabon ƙuna a babban yatsa. Ta ce kwana biyu ta yi tana yawo a Mayo, ba wanda ya san shi.

“Kasuwa babba ce,” in ji abokina. “Ki sha shayi?”

“Ni ba hukuma ba ce, ya akhi. Idonsa ne. In bai fara magani yanzu ba zai rasa shi, kuma ba zai ji ciwo ba har sai ya tafi.”

Jama'a, da kunnena na ji. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba, ina hango takalminta ta tsakanin talabijin biyu, duk ya yi ƙura. Kullum ana tambayata, to me ya hana ka miƙewa? Abu biyu ne. In na miƙe, na zama wanda ya sa sunan ƙarya a takardar jami'a, kuma ban san inda takardar za ta ƙare ba. Sannan abokina ya riga ya ce wallahi. In na fito na mai da shi maƙaryaci a gaban baƙuwa da duk layi. Sai na zauna ina jin ƙafata na sagewa har duktura ta gaji ta tafi.

Ta bar ambulan wurin mai shayin layinmu, ko Allah zai sa. Da yamma na karɓa. Da Turanci aka rubuta, ga kuma sunan da ba nawa ba a sama, wa zan kai wa ya karanta? Na cusa ta ƙarƙashin akwatin kusoshi.

Daga nan na zama likitan kaina. Na ce ai duk sharrin shasha ne. Na rage haske, na sayi baƙin tabarau, na daina manna fuska a gilashi, mahaifiyata ta riƙa sa mini kwalli duk Juma'a. Kuma wallahi yajin ya ragu. Har ina yi wa mutane wa'azi a layi, wai masu digiri sun so su tsorata ni, ga shi na warke da tabarau ɗin bakin titi.

Shekara uku na yi a haka. Matata ce ta fara lura. Ta ce, “Malam, me ya sa in na ajiye maka kwano ta hagu sai ka ce ba a kawo abinci ba?” Na ce ta daina neman magana. Ba a yi wata ba raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta kwashe ni a titin kasuwa, ta hagu ta zo, da rana tsaka, tana ta hon. Ban gan ta ba ko kaɗan. Ƙafar da ta buge ta warke. A asibitin ne aka tura ni wurin masu ido.

Likitan dattijo ne, ba ya kwana-kwana. Ya ce moya zarga ce, ciwon da ruwan cikin ido ke danne jijiya a hankali, kuma yana bin jini. Na hagu ya tafi, abin da ya mutu ba ya dawowa. Na dama an ci gefensa, amma za a riƙe saura in zan ɗiga magani safe da yamma har ranar da za a binne ni.

Ya ce, “Da ka zo shekara biyu ko uku da suka wuce, da wata maganar muke yi. Ina kake?”

Na ce, “Bayan talabijin.” Ya zaci sana'ata nake nufi.

Gyara ya gagare ni. Da ido ɗaya ba ka sanin nisan bakin ƙarfe da waya, sai ka ƙona abin da aka kawo ka gyara. Na saki rumfa. Ban taɓa sanin me bincikensu ya gano ba, tsohuwa ce ta fi cin ido ko sabuwa. Ina jin dai a wani kabad akwai takarda mai cewa wani mamaci ya zauna gaban shasha biyu yana ƙiftawa.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na fi jin haushin kaina, wannan ba musu. Amma ina jin haushin duk wani mai biro da ya taɓa ɗago kai ya tambaye mu daga ina, har ya koya mana gudun wanda ya zo da alheri. Tsoron nan ba mu muka ƙirƙire shi ba, kuma ya sha fisshe mu. Ranar da ya kamata in ajiye shi ce ban gane ta ba. 'Ya'yana duk na kai su an auna musu ido, babbar an samu nata ya fara, an tare shi da wuri.

Abokina yana nan. Tun daga ranar da na dawo daga asibiti bai taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Amma duk Juma'a sai ya biyo ta gidana mu tafi masallaci tare, kuma ban taɓa roƙonsa ba, shi da kansa yake komawa ta haguna.