Wa Ya Gina Garin Ƙattin Ƙarfe?

Ku da kuka zauna da mu a gidan hayar nan na unguwar Tahaggart a Tamanrasset, kun san Kawu Gambo bai taɓa jingina da bango ba sai ya ƙwanƙwasa shi. Zai lanƙwasa yatsa, ƙwas-ƙwas, ya kara kunne, ya runtse ido ɗaya, sannan ya tambayi duk wanda ke kusa: "Wa ya gina?" In an faɗi suna, ya ce, "Uhm, na san halinsa." In ba a sani ba, ya ja tabarmarsa tsakar gida ya zauna cikin rana. Ko a masallaci haka yake. Wata Juma'a liman ya hange shi yana sauraren ginshiƙi, ya ce, "Malam Gambo, ɗakin Allah ne fa."

Kawu ya ce, "Na sani, Liman. Amma ɗan Adam ya kwaɓa simintin."

Ni kam istigfari na yi ta yi masa har muka iso gida, don ban tabbata ko maganar ta halatta ba.

Ga waɗanda suka manta ni, ni ne Lawali, ɗan ƙanwarsa. Ba neman aiki ya kai ni Tamanrasset ba, aike ne. Labari ya iso Damagaram cewa tari ya kama Kawu, likita ya ce ƙurar siminti ta cika masa ƙirji, ya hana shi hawa gini. Inna ta zaunar da ni ta ce, "Ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina wa mutane gidaje a ƙasar wasu. Ka je ka kawo mini yayana da ƙafarsa. Ba na son a aiko mini da hularsa." Kun dai san ni. Ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon, na tafi, na sake dawowa. Irina aka ɗora wa mutum sukutum!

Da farko abin ya zo da sauƙi. Kawu ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi wanda ya ba ni kwatancen gidan, sannan ya ce to, bari zafi ya ɗan sauka mu kama hanya. Ana cikin haka Sabo, ɗan Kanon nan mai sayar da atamfa da ke ɗakin bakin ƙofa, ya sayo tele, ya sa aka kafa masa parabol, farantin nan mai kamo tashoshin talabijin, a saman soro.

Kawu ya fito ya tsaya, hannu a baya, yana kallon farantin.

"Sabo, wannan da ya buɗe baki yana kallon sama, me yake yi?"

"Hoto yake karɓowa, Baba."

"Abin da ya iya karɓowa, me zai hana shi aikawa? Rabin gidan nan ba su da takardar zama. Gobe in jandarma sun zo, ka san wa ya kai rahoto."

Ranar ban iya cin tuwo ba, don ni ma sai na ji kamar maganar tana da ƙamshin gaskiya.

To, kullum bayan la'asar akwai wani shirin zane da ake sawa. Sabo na ce masa katun, mu muna cewa desan anime. Wasu ƙattin mutum-mutumi ne na ƙarfe, sun fi bene tsawo, wani saurayi mai tsayayyen gashi yana shiga kan ɗaya yana tuƙa shi kamar kamiyo, babbar motar kaya. Nasa muka sa wa suna Jan Ƙato. In ya ɗaga hannu zai yi barazana, sai hannun ya cire ya faɗa kan gidan mutane. Abokin gabarsa muna ce masa Buta, don kansa da hanci yake kamar butar shayi, in ya yi fushi ya yi ta tururi yana fito. Su kama kokawa a tsakiyar gari, wannan ya zame, wancan mai ya ƙare masa ana tsakiyar faɗa, benaye na zubewa kamar tulin kwanuka. Sai ka ga magidanta, sun taso daga aiki fari fat da ƙura, suna birgima a tabarma don dariya. Ni ma nakan yi, sannan in ji ba daɗi. Har wurin malam na je na tambaya ko akwai zunubi a yi dariya gida na faɗa wa mutane. Ya ce, "Lawali, zane ne." Na ce na gode, amma hankalina bai kwanta duka ba.

Kawu shi ko murmushi. Yakan ajiye kujerarsa a gefe, ya karkace, yana harara da wutsiyar ido. In an ce, "Baba, matso mana ka gani da kyau," ya ce, "Ni ba kallo nake ba. Gadi nake."

Abin da ya fara damunsa harshensu ne, don da Larabcin littafi ƙattin ke magana.

"Ƙarfe na zuba Larabcin da ko liman sai ya gyara zama! Wa ya koya masa? Kuma tun da nake gadin nan, kun taɓa ganin ɗayansu ya yi alwala?"

Sabo ya ce, "Haba Baba, ai tsatsa zai yi!"

"Ka gani ko? Larabci a baki, tsoron ruwa a jiki. Na yi aiki da irinsu."

Amma babbar fitinar ta zo ne wata rana da aka buɗe shirin, aka nuno garin tsaf, rana na haskawa. Kawu ya miƙe zumbur har kujera ta kife.

"Tsaya! Sabo, tsayar da shi!"

"Ba ya tsayuwa, Baba."

"Benen can mai koren rufi. Jiya ba a gabanmu Buta ya zauna a kansa ya niƙe shi ba?"

Aka ce haka ne.

"To wa ya gina?"

Gidan ya ɗauki dariya. Wani ya ce ai zane ne. Kawu ya ce, "Ko zane ne, jiya babu, yau akwai. Siminti na bushewa kwana guda? Ina yashin? Ina tsanin? Ko mai ɗebo ruwa ba su nuna ba!" Ya zauna yana huci, tari ya sarƙe shi, na kawo ruwa ya ture. Da ya samu numfashi sai ya nuna saurayin mai tsayayyen gashi. "Wannan, ku binciki ubansa. Na rantse siminti yake sayarwa. Kuma shi da Buta bakinsu ɗaya. Kun taɓa ganin sun yi faɗa a daji? Ga fili nan daga nan har garin Idlès, ba abin da za ka taka sai dutse. A'a, sai tsakiyar gari. Kwangila ce!"

Daga ranar maganar tafiya ta mutu. In na ce, "Kawu, zafi fa ya sauka," ya ce, "Sai na ga maginan." Shi kuwa tarin kullum gaba yake. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Ni in na rufe ido ba abin da nake gani sai Inna a bakin zaure, da ni riƙe da hula.

Na je na roƙi Agali, Buzun nan direban kamiyo da ke zuwa Agadas, ya ajiye mana wuri a gaba kusa da shi. Da lallashi da komai na kai Kawu tasha bayan azahar, ya ƙwanƙwasa ƙofar motar, ya hau. Sai lodi ya ƙi ƙarewa. Ana kiran la'asar ya ce zai sauka ya kama ruwa. Muka jira. Na zaga bayan shaguna, na leƙa masallaci, har asibiti na yi niyyar zuwa. Ina na same shi? A gefen tele, a karkace, yana gadi.

Agali da ya biyo ni ya tsaya a ƙofa, ya sauke rawani daga bakinsa, ya ce, "Lawali, kawun nan naka mata gare shi a cikin akwatin?" Ya juya ya tafi da motarsa.

Sabo ya ja ni gefe ya ce, "Kai ma ka cika tsoro. Ka ce masa a Damagaram ake nuna ɓangaren shirin da maginan ke fitowa, shi ke nan." Na kwana ina juya maganar. Ƙarya ce, amma rai ne. Rai ne, amma ƙarya ce. Da safe na je na durƙusa gabansa, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko ya sha magani.

Ya dube ni ya ce, "Ba ita ka zo faɗa ba."

Sai kawai na ce, "Kawu, don Allah, me za su ba ka, maginan nan?"

Ya nuna unguwa da haɓa. "Daga nan zuwa kasuwa, ƙirga gidajen da hannuna ya taɓa. Ka taɓa jin an ce ga ginin Gambo? Garin can ma akwai irinmu a ciki. Su gina, a ɓoye su, a nuno masu rushewa. Fuskar ko ɗaya nake son gani."

Na tashi na ɗauko masa maganinsa.

Ana nan sai ga babban faɗa. Jan Ƙato ya tarwatsa Buta, kan ya gangara ya faɗa teku, garin kuwa ko bango ɗaya bai rage ba. Aka sa kiɗa, mutanen gida suka yi ta tafi. Kawu ya murza hannu ya ce, "Yauwa. Wannan ɓarnar ba ta ɓoyuwa. Gobe dole su fito da ma'aikata."

Washegari tun kafin a sallame la'asar ya kafa kujera, karon farko a tsakiya. Aka buɗe. Ga gari tsaf. Ga Buta da kansa a wuyansa, sabo fil, yana tururi. Ga saurayin nan yana kallon Jan Ƙato baki buɗe kamar bai taɓa ganinsa ba.

Sabo ya ce, "Af, ya ƙare ke nan jiya. Sun maido shi daga farko, Baba. Haka suke yi."

Kawu ya dubi tele. Ya dubi Sabo. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi farantin da ke saman soro.

"Daga farko," ya ce. "Wato sun san ina zaune."

"Su wa, Baba?"

"Masu abin! Wancan munafukin ya kai musu rahoto cewa akwai wani tsoho ya kusa gano su. Shi ne za su yi ta zagaye da ni, yau gobe, yau gobe, har in mutu a kujerar nan." Ya juyo kaina. "Kai kuma ka saki baki kana kallona? Uwarka ba aiko ka ta yi ba? Ɗaure kaya! Wallahi ba za su ga gawata ba."

Sabo ya buɗe baki zai yi bayani, na cusa masa kofin shayi a hannu na ce, "Sha, don girman Allah, sha."

Kuna nan ranar da muka fita, kun gani. Ya naɗe fuska da rawani, ya bi jikin bango sumumu don kada farantin ya hango shi. Da ya zo daidai ɗakin Sabo ya leƙa, ya ɗaga murya ya ce wa tele, "Kasuwa za ni, yanzu zan dawo!" Wannan karon Agali bai ma gama ɗaure igiya ba Kawu ke ce masa ya tayar da mota.

Abin da ba ku gani ba shi ne isarmu. Ɗakinsa na gidan gado ya daɗe da faɗuwa a wata damina, aka tayar da shi ba a gaya masa ba. Inna na kuka tana riƙe da hannun rigarsa, shi kuwa ya wuce ta ya je ya ƙwanƙwasa bangon. Ya kara kunne.

"Wa ya gina?"

Inna ta ce, "Ni na ɗebo ruwa. Samarin unguwa suka kwaɓa ƙasa. Malam Idi maƙwabcinmu ya ɗora tubali."

Ya ce a kira su. Suka zo suka tsaya a tsakar gida suna sunkuyar da kai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kallon fuskokinsu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Karkatacce ne." Ya shimfiɗa tabarma, ya zauna, ya jingina.

Ya ga damina, ya sha furar sabon gero, a jikin bangon nan ya cika, Inna na gefensa.

Allah Ya jiƙan Kawu Gambo, Ya yafe masa zarginsa da harararsa, Ya jiƙan duk wanda ya gina aka manta da sunansa. Allah Ya saukar da shi a gidan da in ya tambayi wanda ya gina, amsar za ta ishe shi ya jingina. Amin.