Iskar da Na Saki a Taron Iyaye

Shekarata ta farko ce a aikin koyarwa. Aka turo ni daga Kazaure zuwa wata firamare a wani ƙauye gaba da Gwiwa kaɗan, aka ba ni aji shida. Ina da sabuwar takardar shaida, ina da keke, ga shi kuma ina jin duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni sanin kimiyya.

Ban yi wata biyu ba 'yan kamfanin waya suka kafa ƙarfen sabis a fegin da ke bayan ajina. Da farko murna aka yi, don an huta da hawa tudu neman sabis. Sai wani ya je cin kasuwar Gwiwa ya dawo da labari, wai ƙarfen yana fitar da wani abu mai busar da ƙwaƙwalwar yara. Kafin labarin ya zaga ƙauye ya yi ƙiba. Wannan ta ce kajinta sun daina ƙwai, waccan ta ce kullunta ya ƙi tsami, wani kuma ya rantse tun da aka kafa ƙarfen jakinsa ke yi masa wani irin kallo.

Hedimastanmu dattijo ne mai son zaman lafiya. Ya kira taron iyaye a gindin darbejiyar makaranta, ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, kai ne ka karanta kimiyya. Ka yi musu bayani a taƙaice. A taƙaice fa!"

Na miƙe ina gyara hula. Abin nan da ke fita daga ƙarfen na san sunansa da Turanci sarai, amma ban taɓa zama na nemo masa Hausa ba, sai da na buɗe baki na ga babu. Na cafko kalmar da ta fara zuwa.

"Iyayena, ku kwantar da hankalinku. Wata iska ce kawai ke fita daga ƙarfen."

Wuri ya yi tsit. Ni kuwa, sakarai, na ɗauka bayanina ne ya ratsa su, sai na ƙara wuta.

"Ba a ganinta. Tana ratsa bango, tana shiga ɗaki ko da an kulle ƙofa. Ita ke ɗaukar muryar mutum daga nan ta kai Kano kafin ka ƙifta ido. Kai, yanzu haka da nake magana tana nan a tsakaninmu!"

"A'uzubillahi!" in ji wata tsohuwa, ta suri takalmanta a hannu.

Wani dattijo ya miƙe yana lanƙwasa yatsu. "Ba a ganinta, tana ratsa bango, tana ɗauke muryar mutum. Malam, me ya rage? Ka fito fili ka ce aljanu mana!"

Na ce ba waccan iskar nake nufi ba. Wa zai ji ni? Tabarmi kawai ake naɗewa. Na waiga na ga hedimasta ya dafe kai da hannu biyu.

Washegari yaran da suka zo ajina ba su cika benci biyu ba. Hedimasta bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya shiga ofis ya ɗauko tsohuwar rediyonsa ya miƙa mini.

"Za mu bi gida-gida. Kai aikinka riƙon rediyo. Ko atishawa za ka yi, sai ka nemi izinina."

Haka muka yi ta yawo, ni ina biye da shi rungume da rediyo kamar mai goyon jariri. Duk zauren da muka shiga sai ya kunna, ya ce wa mai gida, "Shekara nawa kana kwana da irin wannan a kunnenka? To abin da ke kawo maka labarai, danginsa ne ke kawo maganar waya." Bai yi musu ƙaryar ya san komai ba. Ya ce shi ba likita ba ne, amma zai mayar da 'yan aji ɗaya can ɗakin da ya fi nisa da ƙarfen, kuma duk yaron da ya yi kukan ciwon kai shi da kansa zai kai shi asibiti. Kafin mako ya fita yara sun dawo, suna ce mini Malamin Iska a bayan idona. Na gode wa Allah da suka tsaya a nan, don saura ƙiris sunan ya zama zagi.

Kowa ya dawo, ban da yarinya ɗaya, 'yar wata ruga da ke bayan ƙauyen. Ita ce ta ɗaya a ajina, ba ma kusa. Ranar Alhamis mai zuwa za a kai sunayen masu jarrabawar shiga sakandare ofishin ilimi, kuma ba a kai sunan yaro sai ubansa ya dangwala yatsa a takarda. In ta rasa wannan sai baɗi, wanda kuwa ya zauna shekara guda a gida da wuya ya dawo. Ni na jawo mata. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro.

Ranar Lahadi na tuƙa kekena zuwa rugar. Ubanta dogon mutum ne, ba mai yawan magana ba. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi shanu, sannan na shiga bayani. Wannan karon na yi shiri, na ce abin kamar tururi ne.

"Malam," ya ce, "ranar taro ka ce iska, yau ka ce tururi. Gobe me za ka ce?"

Kafin in buɗe baki ya sake jefo tambaya.

"A ina take zama?"

"Benci na biyu, Baffa, gefen taga."

"Saitin ƙarfen?"

"Saitinsa."

"To. Ni ko shanuna ba na kai su rijiyar da ban ɗanɗana ba. Zan zo in zauna a wurinta kwana uku. In kaina bai juye ba, ta dawo."

Na ɗauka wasa yake. Ranar Litinin ina shiga aji sai ga shi a benci na biyu, da malafarsa da sandarsa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Yara sun toshe baki, wasu har hawaye suke. Na fara kiran suna. Da na zo kan sunan 'yarsa ya ce, "Ga ni." Ai sai ajin ya tashi!

Shi ko a jikinsa. Aikin da ya kawo shi yake yi. Zai leƙa taga ya harari ƙarfen, ya shafa ƙeyarsa, ya ƙwanƙwasa goshi. Duk darasin da aka gama sai ya lissafo sunayen shanunsa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, don ya ji ko ƙwaƙwalwar tana nan. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka mayar da bayan ajina hanyarsu. Hedimasta ya wuce sau biyar ba tare da dalili ba.

Ranar Talata muna lissafi na rubuta a allo, shanu goma sha bakwai a raba wa mutum uku.

"Ba sa rabuwa," in ji shi. "Kowa biyar, saura biyu. Sai dai in yanka za ka yi."

Yara suka kaure da tafi. Ya zabura, ya tambaye ni lafiya? Na ce haka ake yi wa wanda ya ci tambaya. Ya gyara zama. Daga nan kuma ba mu huta ba, ina juya baya hannunsa na sama, har da sandar. Ranar Laraba ya ce in nuna masa yadda ake rubuta sunan 'yarsa da boko. Na rubuta, ya karɓi alli ya yi ta fama, gumi na ɗiga daga gemunsa, har ya fitar da harafin farko, babba, ya ɗan karkace.

Aka buga ƙararrawar tashi, yara suka watse. Na matso da takardar sunaye da abin dangwale.

"Baffa, yaya kan?"

"Yana ciwo."

Na fara naɗe takardar.

"Amma ba ƙarfen ba ne. Surutunka ne, Malam. Kawo takardar."

Ya dangwala. Na kusa yin tsalle, na yi ta zuba godiya ba kai ba gindi. Na tattara littattafaina, na kai bakin ƙofa, sai na lura bai tashi ba. Yana zaune yana shafa bencin da tafin hannunsa, idonsa na kan allo.

"Gobe ke nan za ta dawo," ya ce.

"In sha Allahu, Baffa."

Ya sake duban harafin da ya rubuta. Can ya juyo gare ni.

"To Malam, in ta dawo, ni a ina zan zauna?"